Badali da 'yar aikatau a jarrabawar Ingilishi: fara neman mai gida kafin baƙo

Wata ɗaliba daga Marwa, wadda ta ci Bak, wato jarrabawar kammala sakandare, bara kuma take shirin rubuta TOEFL na takarda, jarrabawar gwada iya Ingilishi, ta aiko da wannan tambaya: "Malam, ina gane ma'anar jimla sarai, amma duk tambayar da aka bar gurbi tsakanin waƙafi biyu, ko a farkon jimla kafin waƙafi, sai in faɗi. Littafina ya ce wai afozitif ne da fatisif. Ga biyu da na faɗi jiya. A ta farko na zaɓi A, a ta biyu na zaɓi C. Ai ma'anarsu daidai take, to ina laifina?"

Ahmadou Ahidjo, ______, was born in Garoua in 1924.
A. he was the first president of Cameroon
B. was the first president of Cameroon
C. the first president of Cameroon
D. who the first president of Cameroon

______ in 1982, the Lagdo Dam supplies electricity to northern Cameroon.
A. Completing
B. Completed
C. It was completed
D. Was completed

'Yata, amsar ta farko C ce, ta biyu kuma B. Kin yi gaskiya, duk wanda ya karanta abin da kika zaɓa zai gane nufinki. Sai dai a wannan sashe na jarrabawar ginin jimla ake dubawa, kuma kuskurenki guda ne a tambayoyin biyu: kin ƙara wa jimla aikatau na biyu alhali tana da nata. A shekarun da na yi ina koyar da Ingilishi a lise, wato babbar sakandare, a Garwa ban ga kuskuren da ya kai wannan cinye wa yaranmu maki ba. Masu ƙoƙarin ne ma suka fi faɗawa, don su ne ke saurin cafke ma'ana su wuce ba su waiwaya ba.

Kowace cikakkiyar jimla ta Ingilishi tana da aikau, wato wanda ake magana a kansa, da aikatau mai ɗauke da lokaci, wanda ke nuna an yi, ko ana yi, ko za a yi. In ana so a ƙara wani aikatau irin wannan, sai an biya masa kuɗin ƙofa. Kuɗin ƙofar shi ne mahaɗi: "and", "but", "because", "when", ko "who" da "which". Waƙafi shi kaɗai ba ya biya. To ki sa yatsa ki rufe gurbin tambayarki ta farko har da waƙafin biyu. Me ya rage? "Ahmadou Ahidjo was born in Garoua in 1924." Jimla ce tsaye da ƙafarta, ba ta neman komai wurin kowa. Mai gida yana nan. Saboda haka duk abin da zai shiga gurbin nan baƙo ne, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. A ta zo da "he was", jimla ce sukutum. B ta zo da "was" ba tare da mahaɗi ba. D ta biya kuɗin ƙofa da "who" amma ta baro aikatau ɗinta a gida. Da an rubuta "who was the first president of Cameroon" da ita ma ta wuce. C ce kaɗai ta shigo hannu biyu babu makami: suna ne zalla, an ajiye shi kusa da wani suna don ya ƙara bayyana shi.

Na san abin da ya ja ki zuwa A. Hausa ce. Mu mukan ce, "Ahidjo, shi ne shugaban Kamaru na farko, a Garwa aka haife shi," kuma babu malamin Hausar da zai ɗaga gira. Bakinmu ya saba jera gajerun jimloli da ɗan numfashi a tsakaninsu. Ingilishin jarrabawa ba ya yarda da wannan jeren, don haka abin da ya yi wa kunnenki daɗi shi ne tarkon, kuma masu shirya tambaya da gangan suke ɗana shi.

Shi wannan afozitif da littafinki yake tsorata ki da shi, kin san shi tun ba yau ba. In kin taɓa zama gaban malamin zaure ana karanta Ajurumiya, littafin nahawun Larabci, kin ji babin badali, da misalinsa na "ƙama Zaidun akhuka", Zaidu ɗan'uwanka ya tashi. Zaidu da ɗan'uwanka mutum ɗaya ne, kowanne zai iya tsayawa a gurbin ɗayan. Kirarinmu ma cike yake da shi: Kano tumbin giwa, dila malamin daji. A ajin Faransanci kuma kin yi shi da sunan afozisiyo. Ni badali nake kiransa a aji, don sunan da kansa yana faɗar aikinsa. Gwajinsa kuwa sauƙi gare shi: ki cire sunan farko ki bar na biyu. "The first president of Cameroon was born in Garoua in 1924." Jimla ba ta girgiza ba. In kika yi musanyar nan jimla ta rushe, to abin da kika sa ba badali ba ne.

Akwai wurare uku ko huɗu da suke fakewa da badali su yi wa ɗalibi ƙafar ungulu. Wanda ya fi yawa shi ne a ɓoye aikau a bayan dogon bayani, a ga ko za ki manta da shi kafin ki iso wurin aikatau. Ki duba: "Waza National Park, home to elephants, lions and giraffes, ______ in the Far North Region." Za a ba ki "lie" da "lies". Idonki yana kan raƙuman dawa, jam'i ne, sai hannu ya tafi ga "lie". Amma ba raƙuman dawan ne ke Arewa Mai Nisa a jimlar nan ba, gandun dajin ne, shi kuwa tilo ne: "lies". Ana kuma juya shi: "The Mandara Mountains, a range on the border between Cameroon and Nigeria, ______ volcanic in origin." Badalin tilo ne, mai gida jam'i, amsa "are". Yatsan nan da kika rufe gurbi da shi ɗazu, shi ne maganin wannan ma.

Na biyu ya fi kama 'yan tsarin Faransanci irinki. Bafaranshe yakan ce "son père, commerçant à Kousseri," ba tare da ya sa komai gaban sunan sana'ar ba. In kika ɗauko wannan kai tsaye kika ce "his father, trader in Kousseri," kin bar rami. Ingilishi yana son "a trader", don 'yan kasuwa a Kusiri ba su ƙirguwa, shi ɗaya ne daga cikinsu. Inda ake sassauci shi ne muƙamin da mutum ɗaya ne ke riƙe shi a lokaci guda, irin shugaban ƙasa, nan za ki ga jaridu suna cire "the". A jarrabawa dai in an ba ki zaɓi mai "the" da wanda babu, kuma komai nasu ɗaya ne, mai "the" ya fi aminci.

Sai batun waƙafi, wanda nake koyarwa da misalin da yara ba sa mantawa. In aka rubuta "his wife, Hadiza, sells groundnut oil," da waƙafi biyu, an gaya miki matarsa ɗaya ce, sunan ƙari ne kawai, ko an cire shi an san wa ake nufi. In aka rubuta "his wife Hadiza sells groundnut oil," babu waƙafi, to sunan yana tantance wace ce daga cikin matan gidan. Turawan da suka kafa ƙa'idar da 'yan'uwa maza suke ba da misali, "my brother Sani" in yayye da ƙanne suna da yawa, amma a garuruwanmu misalin kishiya ya fi zama. Abin da jarrabawa ta fi tambaya a nan shi ne waƙafi ɗaya da aka buɗe ba a rufe ba. Badalin da ke tsakiyar jimla ko dai ya sami waƙafi gaba da baya, ko kada ya sami ko ɗaya. Ƙofar da aka buɗe sai an rufe ta.

Badali yakan kuma riga mai gidansa isowa: "A busy town on the Logone, Kousseri faces N'Djamena." Wannan daidai ne, don abin da ya biyo bayan waƙafi shi ne garin da ake nufi. In aka ce "A busy town on the Logone, many traders live in Kousseri," an mai da 'yan kasuwa gari. Ki riƙe wannan, don shi ne gadar da za ta kai mu tambayarki ta biyu, inda ruwan ya fi zurfi.

Masana nahawun Hausa suna da suna mai kyau ga kalmomi irin su dafaffe, gyararre, rubutacce: sifa 'yar aikatau. Daga aikatau ta fito, tana kama da shi, amma 'yarsa ce, ba ta gaji kujerarsa ba. Fatisif na Ingilishi ke nan. Iri biyu ne. Mai ƙarewa da -ing tana nuna mai yi, kamar mu ce mai dafawa, ko yana dafawa. Mai ƙarewa da -ed, tare da 'yan'uwanta na layi na uku a jadawalin aikatau marasa bin ƙa'ida da aka sa ku haddace tun aji na farko a kolej, irin su "written", "built", "known", "taken", tana nuna wanda aka yi wa, wato dafaffe. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗaukar lokaci da kanta. "Completing" kaɗai ba ta gaya miki jiya ne ko gobe ba. Sai ta sami mataimaki irin "is", "was" ko "has" sannan ta zama aikatau na gaske.

To koma wa madatsar Lagdo. Rufe gurbin da duk abin da ke gaban waƙafi: "the Lagdo Dam supplies electricity to northern Cameroon." Cikakkiya ce. C da kika zaɓa jimla ce ta biyu ba mahaɗi, D aikatau ne ba aikau, duka sun fita. Saura A da B, kuma tambaya ɗaya ce ke raba su: madatsar ce ta kammala wani abu, ko ita aka kammala? An fara gininta a 1977 a kan Binuwai aka gama a 1982. Ita aka yi wa aiki. Kammalalliya ce, don haka "Completed". Da jimlar ta ce injiniyoyi ne bayan waƙafin, da "Completing" ta sami shiga, don su ne masu yi. Kada ki taɓa zaɓar -ed don kin ga tsohuwar shekara a jimla. Ɗalibai da yawa suna ɗauka -ed na da ne, -ing na yanzu. A wannan gurbi lokaci ba ya cikin lissafi. Mai yi ne ko wanda aka yi wa, shi ke nan.

Yanzu ga inda nake so ki zauna da kyau, don a nan ne Hausa ta fi Ingilishi gata, kuma gatan nan ne yake sa mu sakaci. In na ce "tana ƙetare gada, sai ya hango gari," kin san mai ƙetarewa mace ce, mai hangowa namiji ne, mutum biyu ne daban. "Yana", "tana", "suna", kowanne yana ɗauke da hatimin mai shi. Faransanci ma yana da ɗan hatimi a ƙarshen kalma: "arrivé", "arrivée", "arrivés". Ita kuwa 'yar aikatau ta Ingilishi ba ta da hatimi ko kaɗan. "Crossing" ba ta ce namiji ba, ba ta ce mace ba, ba ta ce mutum ɗaya ko goma ba. Saboda haka suka yi mata doka ta wurin zama: in ta zo a farkon jimla, duk sunan da ya fara bayyana bayan waƙafi a matsayin aikau, shi ne mai ita, ko marubuci ya so ko bai so ba. A Ajurumiya wannan shi ne babin hali, "ja'a Zaidun rakiban", Zaidu ya zo a haye, kuma kowane hali yana da sahibul hali. Aikinki a jarrabawa shi ne ki nemo sahibul halin ki ga ko hankali zai ɗauka.

Ga misali: "Crossing the Nguéli bridge, N'Djamena came into view." Kowa ya gane nufin, matafiyi ne ya taso daga Kusiri, yana kan gada ya hango birni. Amma abin da aka rubuta shi ne Njamena ce take ƙetare gada. Matafiyin ba ya cikin jimlar sam, an bar 'yar aikatau tana lilo ba mai riƙe ta. Gyara iri biyu ne. Ko a kawo mai ita a zaunar da shi bayan waƙafi: "Crossing the Nguéli bridge, we saw N'Djamena." Ko a biya kuɗin ƙofa a mai da ita ganga, wato yankin jimla mai aikau da aikatau nata: "As we crossed the Nguéli bridge, N'Djamena came into view." Na biyun ya fi kusa da yadda Bahaushe ke tunani, kuma in ke ce kike rubutu, ba zaɓi aka ba ki ba, shi nake ba ki shawara ki riƙa yi.

Wani kuma da na sha ba ɗalibai, har masu shirin konkur, wato jarrabawar shiga makarantar horon malamai ta Marwa, suna faɗawa: "Known as Fort-Lamy until 1973, President Tombalbaye renamed the city N'Djamena." Tarihin daidai ne, a 1973 aka sauya wa birnin suna a zamanin Tombalbaye. Nahawun ne ya ce shugaban ƙasar ake kira Fort-Lamy. Sai an ce "Known as Fort-Lamy until 1973, the city was renamed N'Djamena by President Tombalbaye." Ki lura, a nan jimlar da aka juya ta zama ta wanda aka yi wa ita ce daidai. Na faɗi haka ne don akwai malamai da ke cusa wa yara cewa duk zaɓin da ke da "was" da "by" abin gudu ne. Ban yarda da wannan ba. Wurin zama ne ke hukunci.

Mafi wayo a cikin tarkunan shi ne na mallaka. "Born in Garoua, Ahidjo's presidency lasted until 1982." Ido ya ga Ahidjo daf da waƙafi, zuciya ta kwanta. Amma ƙaramin 's ɗin nan ya sauke shi daga kujerar aikau, yanzu mulkinsa ne mai gida, kuma mulki ba a haife shi a Garwa ba. Kamar a ce rigar Audu ce ta je kasuwa. Duk lokacin da kika ga 's bayan waƙafin farko, ki tsaya ki sake dubawa. Haka nan "it" da "there": "Having read the passage, it is clear that..." Wa ya karanta? Babu kowa.

Tunda "having" ta shigo, ga wani rami da Faransanci ya haƙa muku. Kun saba da "Arrivée à Maroua, elle a cherché un logement." Sai ɗaliba ta rubuta "Arrived in Maroua, she looked for a room." Ingilishin jarrabawa ba ya so, don -ed ita kaɗai tana nuna wanda aka yi wa, isowa kuwa ba a yi wa mutum ita, shi yake yi. Daidai shi ne "Having arrived in Maroua," ko "On arriving in Maroua," ko "After arriving". Ma'anar "having" da layi na uku ita ce tamu ta "da ta gama" ko "bayan da": aiki ɗaya ya ƙare sannan na biyu ya fara. -ing zalla kuwa ta fi dacewa da ayyukan da ke tafiya tare, yana tafe yana waƙa. "Born", "built", "located", "founded" ba su da wannan matsala, don dukansu abin da aka yi wa ne.

Akwai kuma 'yar aikatau da ke shigowa ba waƙafi ba sallama, ta manne a bayan suna. Wannan ta fi ruɗarwa da -ed, don siffarta ɗaya da aikatau na shuɗaɗɗen lokaci. "The goods sold in this market come from Nigeria." Ɗalibi ya ga "sold" ya ce ga aikatau, ya isa "come" ya rikice, ya ce kuskure ne. Ki gwada cusa "which are" ko "which was" a gabanta: "the goods which are sold in this market". Ta zauna daram, to 'ya ce, uban yana gaba, shi ne "come". A sashen gano kuskure sukan yi akasin haka, su rubuta "The goods are sold in this market come from Nigeria," su ja layi ƙarƙashin kalmomi huɗu. Ƙirga aikatau masu lokaci: biyu. Ƙirga mahaɗi: babu. "Are" ce ta yi kutse. Ƙa'idar da nake sa yara su rubuta a bangon littafi ita ce, yawan aikatau masu lokaci ya zarce yawan mahaɗan da ke haɗa ganga da ɗaya tak.

In -ing ta zo a ƙarshen jimla, waƙafi ne ke faɗar mai ita. "The officers stopped a man carrying petrol." Babu waƙafi, mutumin ne ɗauke da jarkokin zuwa-zuwa, wato fetur na fasa-ƙwauri. Ki sa waƙafi kafin "carrying", sai man ya koma hannun jami'an. Kuma sau da yawa wannan -ing ta bayan waƙafi sakamako take faɗa: "In 2012 the Benue overflowed its banks, destroying farms and houses." Ambaliyar ce ta jawo ɓarnar. A irin wannan gurbi za a jera miki "destroyed", "it destroyed", "destroying", da "and destroying". Ta farko da ta biyu sarki na biyu ne. Ta ƙarshe ta biya kuɗin ƙofa amma ta shigo da 'ya maimakon uba, "and" kuwa tana son abin da ke damanta ya yi daidai da na hagunta. Da "and destroyed" aka ba ki da ta yi.

Ba duk -ing da ke farkon jimla ce 'yar aikatau ba. "Crossing the river at night is dangerous." Babu waƙafi, kuma in kika rufe ta da yatsa jimla ta rasa kai. Wannan sunan aiki ne, ƙetarewa, kuma shi ne aikau da kansa. Akwai kuma wasu 'yan tsirarun da suka daɗe a gari har an daina tambayarsu mai masaukinsu: "generally speaking", "judging from", "considering", "including", "according to". Kada ki ɓata lokaci kina neman mai su. Sai wadda ke zuwa da nata aikau a hannu, "The rain having stopped, we left for Mokolo." Ruwan ne ya ɗauke, mu ne muka tafi, kowa da nasa, kuma daidai ne ko da yake yana yi wa kunne baƙunta. "I am boring" da "I am bored" kuwa ba zan tsaya a kansu ba; wanda ya san bambancin "intéressant" da "intéressé" ya riga ya san wannan.

Gaskiyar magana, masu harshen da kansu suna barin 'yar aikatau tana lilo a hira, har a jarida, kuma ba wanda ke kai su ƙara. In kin ji haka a rediyo kada ki ce malam ya yi ƙarya. Jarrabawa ce ke da tsauri, kuma tana da dalili: tambaya ce mai amsa ɗaya da ba a gardama a kanta, mai sauƙin maki. Shi ya sa za ki same ta a TOEFL na takarda, da SAT ta shiga jami'o'in Amurka, 'yan'uwanki da ke ƙetarawa Yola ko Maiduguri karatu su ma suna cin karo da danginta. Tsofaffin littattafan GMAT, jarrabawar masu neman digiri na biyu a fannin kasuwanci, cike suke da irin waɗannan. Sabon tsarin da aka fito da shi a 2023 ya cire sashen gyaran jimla, amma in kin tsinci tsohon littafi wurin masu sayar da na hannu, ki saya, babu filin atisaye kamarsa.

Sashen nahawu na jarrabawarki tambaya 40 ne cikin minti 25, 15 na cike gurbi, 25 na gano kuskure. Kowace tambaya ba ta kai sakan 40 ba. Babu lokacin fassara jimla zuwa Faransanci, balle a sake juyo ta Hausa. Don haka kada ki fara da karanta zaɓuɓɓuka. Ki fara da jimlar, ki nemo aikatau mai lokaci da mai shi. In kin same su, gurbin na baƙo ne, ki soke duk zaɓin da ke da "he", "it", "is", "was" ba mahaɗi. Yawanci biyu za su faɗi nan take. In ba ki same su ba, to gurbin na mai gida ne, sai ki soke masu -ing zalla. Wannan juyin yana da muhimmanci, don ɗalibin da ya koyi darasin yau yakan wuce gona da iri, ya riƙa zaɓar badali ko ina, har inda jimla ke kukan rashin aikatau.

Hannu ba ya sabawa sai da yi. Ki sami jaridar Cameroon Tribune, tana da labarai na Ingilishi a kowace fitowa, ki ɗauki labari ɗaya kullum da biro. Duk abin da ke tsakanin waƙafi biyu, ko gaban waƙafin farko, ki kewaye shi, ki ja kibiya zuwa sunan da yake bayani a kai. 'Yan jarida suna son badali ƙwarai, kusan duk mutumin da suka ambata sai sun manna masa muƙaminsa. In kibiyarki ta rasa inda za ta sauka, ko ke ce kika ɓata, ko kin kama ɗan jarida da kuskure, kuma yana faruwa.

Ga ɗaya ki gwada kafin ki kwanta, na haɗa miki baƙi biyu a gida ɗaya:

Fed mainly by the Chari, Lake Chad, once one of the largest lakes in Africa, ______ dramatically since the 1960s.
A. shrinking
B. having shrunk
C. has shrunk
D. which has shrunk

Rufe na farko, 'yar aikatau ce, kuma mai ita yana nan daf da waƙafi, tafkin ne kogin Shari yake shayarwa. Rufe na biyu, badali ne. Abin da ya rage "Lake Chad" ne da gurbi, ba aikatau ko ɗaya. A nan baƙi sun cika gida mai gida ake nema, amsa C.